WA YA FI IYA JIFA? GARDAMAR DA AMURKAWA SUKA KASA GAMAWA

'Yan uwa ɗalibai, filinmu na wasannin duniya a wannan makon ya leƙa Amurka. Kamar yadda ake raba gari a bakin aji kan Messi da Ronaldo, haka su ma Amurkawa suke da tasu gardamar, kuma ta girmi tamu nesa ba kusa ba, don ta haura shekara ɗari ana yin ta. A kan wasan besbol ne, kuma tambayar ita ce: a cikin masu jifa, wa ya fi kowa, wa kuma ya cancanci a riƙa tunawa da shi bayan ya bar fili?

Da yake yawancinmu ba mu taɓa kallon wasan ba, bari mu fara da yadda ake yin sa. Ƙungiya biyu ne, kowacce da 'yan wasa tara. Ɗaya tana tsaron fili, ɗaya tana turo 'yan wasanta ɗaya bayan ɗaya riƙe da sanda. A tsakiyar fili akwai wani ɗan tudu, a kansa mai jifa yake tsayawa, ya wurga ƙwallo wajen mai sanda daga nisan mita 18.44. Mai sanda yana so ya doke ta ya ruga ya zagaya tashoshi huɗu, in ya dawo inda ya fara an ci maki ɗaya. Shi kuwa mai jifa so yake ya hana shi. In ya yi masa jifa uku masu kyau ya kasa duka, ya kore shi ke nan. In kuma ya yi jifa huɗu a karkace, an ba mai sanda tasha ta farko kyauta. Da zarar an fitar da mutum uku sai a yi musanya, masu tsaro su karɓi sanda. Kowace ƙungiya ta yi haka sau ɗaya, an yi zagaye guda, wasa kuma zagaye tara ne.

Kun ga ke nan babu abin da zai motsa a fili sai mai jifa ya saki ƙwallo. Gwanaye suna wurga ta da gudun da ya kai kilomita 150 a awa, wasu ma 160, ta isa wurin mai sanda cikin ƙasa da rabin daƙiƙa. Kuma ƙarfi kaɗai ba ya wadatarwa. Yadda mutum ya ɗora yatsunsa a kan ɗinkin ƙwallon shi ke sa ta lanƙwasa, ko ta nutse ƙasa dab da isowa, ko ta taho a hankali alhali hannun ya nuna kamar da gudu za ta zo. Rabin aikin yaudara ne.

Inda ake yanke hukunci

A wani ƙaramin gari mai suna Cooperstown a jihar Niyok akwai gidan tarihi da ake kira Zauren Gwarazan Besbol. An yi zaɓen farko a 1936, aka buɗe ginin a 1939. Mutum biyar aka fara ɗauka, biyu daga cikinsu masu jifa ne: Walter Johnson da Christy Mathewson. Duk wanda ya shiga, sai a ƙera allon tagulla mai ɗauke da fuskarsa da taƙaitaccen tarihinsa a rataye a bango.

Shigar ba wasa ba ce. Sai ɗan wasa ya yi aƙalla kaka 10 a babbar gasa, ya kuma yi shekara 5 da ritaya, sannan sunansa ya hau takardar zaɓe. 'Yan jaridar da suka daɗe suna rubutu kan wasan su ne masu jefa ƙuri'a, kowannensu yana iya zaɓar mutum har 10, kuma sai wanda ya sami kashi 75 cikin 100 ake ɗauka. Wanda ya kasa samun kashi 5, an share sunansa ke nan. Wanda ya tsaya a tsakani yana da shekara 10 yana gwada sa'a (da can 15 ne, aka rage a 2014). In duk wannan ya wuce, sauran ƙofa ɗaya: wani ƙaramin kwamiti da ke sake duba waɗanda aka bari a baya. Mu 'yan kulob ɗin jarida wannan ya kamata ya ja hankalinmu, domin alƙalamin ɗan jarida ne ke yanke wa mutum ko za a tuna da shi ko a manta.

Mai dogon zango ko mai walƙiya?

Rigimar farko ita ce me ake nufi da girma. Wasu suka ce wanda ya daɗe yana yi shi ne babba. In haka ne, magana ta ƙare a kan Cy Young. Ya yi wasa daga 1890 zuwa 1911, ya tara nasara 511, ya yi jifa daga farkon wasa har ƙarshensa ba tare da an canje shi ba sau 749. Babu wanda ya ko kusanto shi. Kyautar gwarzon mai jifa da ake bayarwa duk shekara tun 1956 sunansa aka sa mata. Mai bi masa shi ne Walter Johnson da nasara 417, wanda ya yi wasa 110 da ya gama su shi kaɗai ba a ci shi ko maki ɗaya ba, kuma ya yi hakan ne a ƙungiyar Washington, wadda a yawancin shekarunsa ba ta cikin manya.

Ɗaya ɓangaren kuma suka ce a'a, a duba wanda ya fi kowa zafi a lokacin da yake ganiyarsa. Gwaninsu Sandy Koufax ne na ƙungiyar Dodgers, bahago. Shekarunsa shida na farko ba abin a zo a gani, ya ci 36 an ci shi 40. Daga nan sai ya rikiɗe. Tsakanin 1962 da 1966 babu mai sandan da yake murnar ganinsa a kan tudu. Ya ɗauki kyautar Cy Young sau uku a zamanin da guda ɗaya tak ake bayarwa ga duk ƙungiyoyin ƙasar. Sau huɗu ya gama wasa babu wanda ya yi masa dukan da ya kai shi tasha, a ɗaya daga ciki ma, a 1965, mutum 27 ya fuskanta ya fitar da su duka a jere. A kakarsa ta ƙarshe, 1966, ya ci wasa 27. Sai ya ajiye wasa yana ɗan shekara 30, saboda ciwon gwiwar hannunsa na hagu ya kai inda likitoci suka tsoratar da shi cewa zai iya nakasa. Nasararsa duka 165, ko kashi ɗaya cikin uku na Cy Young bai kai ba. Amma 'yan jarida suka shigar da shi Zaure a 1972 yana da shekara 36, mafi ƙarancin shekaru a duk waɗanda suka taɓa zaɓa.

To, in shekara biyar ko shida na walƙiya sun isa, me ya hana Johan Santana? Ɗan Benezuwela ne, shi ma bahago, ya ɗauki Cy Young a 2004 da 2006, ciwon kafaɗa ya datse masa wasa da nasara 139. A 2018 sunansa ya hau takarda, ya sami kashi 2.4, aka share shi a shekarar farko. Ba na cewa ya kai Koufax, don Koufax ya yi abin da ya yi har a wasannin ƙarshe na cin kofi. Amma tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai a ce ɗaya ya shiga a zaɓen farko ɗaya kuma a kore shi a zaɓen farko ba. A ganina an yi wa Santana gaggawa.

Kowane zamani da awonsa

Akwai ma'aunin da ya fi ƙirgen nasara adalci. Ana lissafa makin da aka ci mai jifa da laifinsa, a ninka da tara, a raba da yawan zagayen da ya yi. Abin da ya fita shi ne matsakaicin makin da ake cin sa a cikakken wasa. Misali, wanda aka ci maki 60 a zagaye 200, awonsa 2.70 ne. Iya ƙanƙantar lambar, iya gwanintar mutum.

A 1968 Bob Gibson na St. Louis ya gama kaka da awon 1.12, bayan ya yi jifa fiye da zagaye 300, wasa 13 kuma ba a ci shi komai ba. A wasan farko na cin kofin wannan shekarar ya kori mutum 17. Abin ya yi yawa har hukumar wasan ta rage tsawon tudun jifa daga inci 15 zuwa 10 a 1969, don masu sanda su ɗan sarara. Amma masu ja da shi suna da hujja: a 1968 ba Gibson kaɗai ke cin karensa ba babbaka ba, duk masu jifa ne. Maki ya yi tsada a shekarar, har ake kiranta shekarar masu jifa.

Shi ya sa da yawa suke fifita abin da Pedro Martinez ya yi a shekarar 2000. Ɗan Jamhuriyar Dominika ne, siriri, wanda Dodgers suka yi musayarsa da wani ɗan wasa tun yana matashi don suna ganin jikinsa ba zai jure ba. Yana wa Boston wasa ya gama kakar da awon 1.74, a lokacin da matsakaicin awo a gasarsu ya kusa 5. Wanda ya zo na biyu, Roger Clemens, 3.70 yake da shi, wato ya fi ninki biyu. Kuma zamanin ne da masu sanda suka cika suka batse, ana cilla ƙwallo bayan katanga kamar ba gobe, daga baya aka gano da dama cikinsu suna amfani da ƙwayoyin ƙara ƙarfi. A takarda 1.12 ya fi 1.74 kyau. Amma ɗalibin da ya ci 80 a jarrabawar da kowa ya ci 40 ya fi wanda ya ci 90 a wadda kowa ya ci 75.

Wannan ma'auni yana taɓa tsofaffin ma. Kafin 1920 ƙwallo ɗaya ake ta bugawa har ta yi laushi ta yi baƙi, an kuma yarda mai jifa ya shafa mata yawu don ta riƙa zillewa. Da wuya a doke ta ta yi nisa, saboda haka mai jifa yana iya tanadin ƙarfinsa, sai wuri ya ƙure ya fito da shi. Da haka Cy Young ya iya yin zagaye fiye da 7,000. Wannan bai rage masa daraja ba, don abokan zamaninsa ma sun sami wannan sauƙin ba su yi abin da ya yi ba. Sai dai ba daidai ba ne a ɗauki 511 a auna ɗan yau da ita.

Wanda aka rufe wa ƙofa

Akwai babban giɓi a duk wannan lissafi. Cy Young da Walter Johnson da Mathewson ba su taɓa fuskantar baƙar fata a wasan gasa ba, domin an hana baƙaƙe shiga babbar gasa har sai da Jackie Robinson ya karya shingen a 1947. Baƙaƙen Amurka sai suka kafa nasu ƙungiyoyi da nasu gasanni, kuma a can ne Satchel Paige ya ƙarar da ƙuruciyarsa. Ya yi fiye da shekara 20 yana yawon jifa, daga wannan gari zuwa wancan, har Kyuba da Meziko da Jamhuriyar Dominika. Yawancin wasannin ba wanda ya rubuta sakamakonsu.

Sai a 1948 ƙungiyar Cleveland ta ɗauke shi, yana da shekara 42, shekarun da sa'o'insa sun daɗe da komawa gida. Wasu suka ce talla ce kawai don a cika filin kallo. Ya ci wasa 6 aka ci shi 1, ƙungiyar kuma ta ɗauki kofi a shekarar. A 1965, yana da shekara 59, aka sake fito da shi ya yi zagaye uku da Boston, ba a ci shi maki ba. In ka duba littafin tsohuwar babbar gasa kawai, Paige nasara 28 gare shi da faɗuwa 31, lambobin da ba za su kai kowa ko'ina ba. Sai da Ted Williams, farar fata kuma ɗaya daga cikin manyan masu sanda, ya yi kira a jawabinsa na shiga Zaure a 1966 cewa a tuna da Paige da ire-irensa, sannan aka fara motsi. An shigar da shi a 1971. Da farko ma an shirya ware musu wani sashe daban ne, sai da mutane suka yi ca, aka ce wannan ai wariyar ce aka sake dawo da ita, sannan aka rataye allonsa tare da na kowa. A 2020 hukumar wasan ta amince cewa gasannin baƙaƙe na 1920 zuwa 1948 manyan gasanni ne, a 2024 kuma aka haɗa ƙididdigarsu da ta kowa. Duk da haka abin da aka iya tattarowa ɗan kaɗan ne daga abin da Paige ya yi. Duk wanda ya ce maka ya san tabbas wane ne na ɗaya, tambaye shi ina ya ajiye Paige.

Ido ko lissafi?

Rigima mafi zafi a shekarun baya a kan mutum biyu aka yi ta. Jack Morris ya ci wasa 254, amma awonsa 3.90 ne, wanda ya yi yawa ga mai neman Zaure. Abin da ake tuna shi da shi dare ɗaya ne: wasa na bakwai na cin kofin 1991, inda ya yi zagaye 10 shi kaɗai ba a ci shi ba, Minnesota ta yi nasara da 1 da nema. Bert Blyleven kuwa, haifaffen ƙasar Holan, ya kori mutum 3,701, ya gama wasa 60 ba a ci shi ba, amma nasararsa ta tsaya a 287, saura 13 ya kai 300 ɗin da a lokacin ake ɗauka tamkar tikitin shiga. Tsofaffin 'yan jarida suka ce mun gan su da idonmu, Morris jarumi ne, Blyleven mai tara lambobi ne kawai. Matasa masu bin ƙididdiga, waɗanda yawancinsu a intanet suke rubutu, suka ce ido yana tuna dare ɗaya ya manta ɗari biyar.

Hujjarsu ita ce nasara ba aikin mutum ɗaya ba ce. Mai jifa zai iya ba da maki ɗaya tak a wasa, in 'yan ƙungiyarsa ba su ci komai ba, a rubuta masa faɗuwa. Wani ya ba da shida, abokansa su ci takwas, a rubuta masa nasara. Blyleven ya sha yin wasa a ƙungiyoyin da ba sa cin maki. Ya fara da kashi 17.5 a 1998, ƙuri'unsa suka riƙa hawa a hankali, ya shiga a 2011 a shekararsa ta 14. Morris ya cinye shekara 15 bai kai ba, sai kwamiti ya shigar da shi a 2018. Su biyun suna ciki yanzu, amma masu lissafi ne suka ci gardamar: a 2010 an ba Felix Hernandez kyautar Cy Young da nasara 13 da faɗuwa 12, a 2018 aka ba Jacob deGrom da nasara 10 kacal. A da ko a mafarki ba za a yi haka ba.

Nolan Ryan ma yana rikita mutane. Kaka 27 ya yi, ya kori mutum 5,714, sau bakwai ya gama wasa ba a yi masa dukan kirki ba. Amma shi ne kuma ya fi kowa ba da tasha kyauta, sau 2,795, bai kuma taɓa ɗaukar Cy Young ba. Ya fi kowa ban tsoro, amma in dai hana maki ne aikin, Greg Maddux ya fi shi. Maddux ba shi da jifa mai gudun tsiya, sai dai yana ajiye ƙwallo daidai inda ya ga dama, da haka ya tara nasara 355 da Cy Young huɗu a jere daga 1992 zuwa 1995.

Batun hali

Ga inda gizo ke saƙar. In lambobi kaɗai za a bi, Roger Clemens yana iya zama na ɗaya: nasara 354, kora 4,672, Cy Young bakwai, fiye da kowa a tarihi. Amma ba ya cikin Zaure. A Disambar 2007 rahoton binciken tsohon sanata George Mitchell ya ambaci sunansa cikin waɗanda ake zargi da amfani da ƙwayoyin ƙara ƙarfi, bisa shaidar tsohon mai horar da shi. Clemens ya musanta a gaban majalisar dokokin Amurka, aka gurfanar da shi kan zargin yin ƙarya bayan rantsuwa, kotu ta wanke shi a 2012. 'Yan jarida ba su wanke shi ba. Dokar zaɓen ta ce a duba gaskiyar mutum da halinsa tare da wasansa, da ita suka riƙe. A 2022, shekararsa ta ƙarshe a takarda, ya tsaya a kashi 65.2.

Magoya bayansa suna cewa Zauren ai ba na waliyyai ba ne. Gaylord Perry ya rubuta littafi da kansa yana bayanin yadda yake shafa wa ƙwallo abin da aka haramta, aka shigar da shi a 1991. Cap Anson, wanda ya ƙi yarda ya shiga fili da baƙar fata, yana ciki tun 1939. Bud Selig, wanda ya shugabanci wasan a zamanin ƙwayoyin, an shigar da shi a 2017. Masu adawa kuma suka ce kuskuren jiya ba hujja ba ce ta maimaita shi yau, kuma akwai 'yan wasan da suka ƙi shan komai suka rasa gurbinsu ga waɗanda suka sha. Su wa zai rataya musu allo?

Ni dai ra'ayina, gidan tarihi aikinsa ya faɗi abin da ya faru. A shigar da Clemens, a rubuta a allonsa Cy Young bakwai, a kuma rubuta zargin da hukuncin kotu, mai ziyara ya karanta ya yanke nasa. Na san da yawa a cikinku ba za su yarda ba, musamman 'yan kulob ɗin muhawara, kuma akwatinmu na wasiƙu yana nan a buɗe.

In kuma aka matsa mini sai na zaɓa: wasa ɗaya da ba na so a ci ni, Pedro na shekarar 2000 zan ba ƙwallo. Shekara 20 kuwa, Walter Johnson, tare da sanin cewa bai taɓa karawa da su Paige a gasa ba. Abin mamaki, babu ɗayansu da ya sami ƙuri'ar kowa da kowa. Mutum na farko da ya yi haka shi ne Mariano Rivera ɗan Panama a 2019, ƙuri'a 425 cikin 425, shi kuwa aikinsa ya shigo a zagayen ƙarshe ya rufe wasa, galibi mutum uku kawai yake fuskanta.

Ciwon kan da ke gaban masu zaɓe ya fi na baya. Yanzu da wuya a bar mai jifa ya wuce jifa 100 a wasa, ana cire shi a zagaye na biyar ko na shida don a tsare masa hannu. Mutum na ƙarshe da ya kai nasara 300 shi ne Randy Johnson a 2009. Clayton Kershaw, mai Cy Young uku, ya yi ritaya a 2025 da nasara 223, kuma ba wanda ke shakkar zai shiga. Amma deGrom, wanda ya ɗauki kyautar sau biyu a jere a 2018 da 2019, sau biyu aka yi masa tiyatar gwiwar hannu, nasararsa kuma ba ta kai ko ta Santana ba. Ranar da sunansa zai hau takarda, dole masu zaɓe su faɗi ko da awon Koufax za su auna shi ko da wanda suka kori Santana da shi.